Nauyin da Ake Tarawa Tsakanin Ciki da Ciki

A bakin Bahaushe, da kalmomin cika ake yabon jikin matar aure. Idan amarya ta zo ganin gida bayan 'yan watanni da biki, abin da dangi ke fatan su faɗa shi ne ta murje, ta yi ɓulɓul, gidan miji ya karɓe ta. Idan kuwa ta rame, kafin a tambayi lafiyarta an fara tambayar halin mijin. Wannan ma'auni yana da tushe. Al'ummar da ta daɗe tana fama da fari da yunwa da zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka ta koyi cewa rama ce ke yi wa mutuwa sallama, kuma macen da ke da ɗan abin ajiya a jikinta ita ce ke iya ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar shekara biyu ba tare da ta ƙare ba. Sai dai rayuwa ta sauya a birane, ma'aunin kuwa yana nan inda kakanni suka bar shi.

Binciken yawan jama'a da lafiya da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, alhali ramammu kashi 12 ne. A 2008 masu nauyin kashi 22 ne. A birane adadin ya haura ɗaya cikin uku, kuma yana hawa ne tare da ilimi da samu. Ma'aikaciyar banki, malamar jami'a, jami'ar gwamnati da ke wuni a kujera ta koma gida a mota, su ne a sahun gaba. Yadda likitoci ke awon kuwa ba shi da wuya: a ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Sakamakon shi ne abin da suke kira BMI. Daga maki 25 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 an shiga ƙiba. Ga mace mai tsawon mita 1.60, maki 25 yana nufin kilo 64, maki 30 kuma kusan kilo 77. Mata da yawa da ke kan kilo 77 ba wanda zai kira su masu ƙiba a gidan biki. Cewa za a yi sun cika ido.

Galibin nasihar da ake yi game da ƙiba da juna biyu, mai ciki ake yi wa ita: ta rage tuwo, ta bar lemun kwalba, ta riƙa tattaki. Nasiha ce mai kyau, amma ta zo a makare. Shaidun da suka taru cikin shekara ashirin ɗin nan suna nuni da cewa nauyin da mace ta shiga ciki da shi ya fi wanda ta ƙara a lokacin cikin tasiri, kuma ga mace mai haihuwa fiye da ɗaya, tsakanin ciki da ciki ake tara wannan nauyi. A ƙasar Hausa wannan tsakani yana da suna da tsari da masu kula da shi, domin da jego yake farawa. Kafin a kai can, ya kamata a fara fahimtar abin da kitse ke yi wa ciki.

Kowane ciki, ko na siririyar mace ne, yana sauya yadda jiki ke sarrafa sukari. Daga tsakiyar watannin, mabiyiya takan saki wasu sinadarai da ke sa jikin uwa ya rage jin maganar insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka. Hikimar ita ce sukari ya ɗan daɗe a jinin uwa domin ɗan tayi ya sami rabonsa. Lafiyayyen jiki yakan daidaita lamarin ta hanyar ƙara yawan insulin ɗin da yake samarwa. Amma kitse mai yawa, musamman na teɓa, ya riga ya toshe kunnen jiki ga insulin tun kafin a sami juna biyu. Idan toshewa ta hau kan toshewa, sai abin ya fi ƙarfin jiki, sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukarin masu ciki, kuma mafi yawan masu shi ba sa jin komai.

Abin da ke biyo baya, wani likitan ƙasar Denmak mai suna Jørgen Pedersen ya bayyana shi tun shekarun 1950. Sukarin uwa yana ratsa mabiyiya, insulin ɗinta ba ya ratsawa. Saboda haka ɗan tayi yakan samar da nasa insulin da yawa domin ya sarrafa abin da ke kwararo masa, shi kuwa insulin a jikin ɗan tayi taki ne: yana sa shi girma, yana tara masa kitse a kafaɗu da ƙirji da ciki. Ranar da aka yanke cibiya, sukarin ya tsaya cak, insulin ɗin kuwa yana nan da yawansa, sai sukarin jinin jariri ya faɗi cikin sa'o'in farko. Jaririn da ake ta yabon girmansa a ɗakin haihuwa yana iya zama shi ne mafi buƙatar a sa masa ido. Wani babban bincike da aka buga a 2008, wanda ya bibiyi mata sama da 23,000 a ƙasashe tara, ya ƙara da wani abu mai muhimmanci: babu wata iyaka da za a ce ƙasa da ita an tsira. Gwargwadon hawan sukarin uwa, gwargwadon girman jariri, ko da bai kai matakin da ake kira ciwo ba. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ma'auninta na 2013. Gwajin da aka dogara da shi shi ne a ɗebi jinin mace da safe kafin ta karya, a ba ta ruwa mai giram 75 na sukari ta sha, a sake ɗiba bayan sa'a ɗaya da bayan sa'a biyu, yawanci tsakanin mako na 24 da na 28. Tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari, wanda a wurare da yawa shi ne iyakar abin da ake yi ranar awo, ba ya maye gurbinsa.

Babban jariri, wato wanda ya kai kilo 4 ko ya wuce, abin alfahari ne ranar suna. A ɗakin naƙuda labarin daban ne. Kai yana iya fitowa kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin gaban ƙugu, kuma daga nan mintoci kaɗan ungozoma ke da su. Wajen ƙoƙarin fito da shi jijiyoyin wuya kan ɗame, hannu ya shanye, wani lokaci ya warke, wani lokaci ya zauna. Akwai kuma wani haɗi da ya shafi Arewa fiye da Landan ko Sitokhom. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Yarinyar da ta tsumbure tana ƙarama takan girma gajera, ƙugunta bai buɗe yadda ya kamata ba. Idan Allah ya yi mata buɗi daga baya, ta yi karatu ko ta auri mai hali, ta koma birni ta yi jiki, tsawonta da faɗin ƙashinta ba sa ƙaruwa. Yunwar ƙuruciya ta ba ta ƙaramar ƙofa, wadatar girma ta ba ta babban jariri. Doguwar naƙuda, wadda aka saba jingina wa talauci da ƙarancin shekaru, ta sami sabuwar hanyar shiga gidan masu hali.

Hawan jini shi ne ɗaya babban haɗarin. Nau'in da ke zuwa bayan mako na 20, tare da furotin a fitsari, wanda idan ya ƙazanta yake kai wa ga jijjiga, yana bin nauyi sau da ƙafa: nazarin da ya tattara bincike da dama ya gano cewa haɗarinsa yana ninkawa da duk ƙarin maki 5 zuwa 7 a nauyin da mace ta shiga ciki da shi. Sauran kuwa sanannu ne ga duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa. Naƙuda takan yi nawa, yiwuwar a yi aiki takan ƙaru, allurar baya da maganin barci sukan yi wuyar bayarwa, ɗinki yakan yi ruwa, jini yakan ɓalle bayan haihuwa, ko kuma ya daskare a jijiyar ƙafa gudan ya tafi huhu. Ɓari da mutuwar ɗa a ciki su ma sun fi yawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙiba tana dushe idon asibitin kansa. Tef ɗin da ake auna tsayin ciki da shi ba ya faɗin gaskiya idan akwai teɓa. Hoton ciki yakan fito dishi-dishi, har a kasa ganin zuciya ko ƙashin bayan ɗan tayi da kyau. Maɗaurin na'urar awon jini idan ya yi wa damtse kaɗan, lamba mai yawa yake bayarwa, sai a ɗora lafiyayyiya kan magani, ko kuma ma'aikata su saba da ganin lambarta a sama su daina ɗaukarta da muhimmanci ranar da ta hau da gaske. Asibiti mai zaman kansa da ke karɓar dubban ɗaruruwa kuɗin haihuwa, amma maɗauri ɗaya tak gare shi na kowa da kowa, ba shi da uzuri.

To, me zai hana a gyara komai da zarar an san akwai ciki? Dalili na farko lokaci ne. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne cikin kwana 28 da ɗaukar ciki, lokacin da mace ba ta daɗe da lura da ɓatan wata ba. Nazarin da aka buga a 2009 ya nuna cewa haɗarin naƙasar wannan bututu ya kusa ninkawa ga uwa mai ƙiba. Ƙwayar folik asid da ke rage haɗarin, kafin ciki ake fara shan ta. Tushen mabiyiya, wanda daga gare shi hawan jinin masu ciki ke samo asali, shi ma a watannin farko ake kafa shi. Ga shi kuwa binciken 2018 ɗin nan ya nuna cewa a Nijeriya matan da suka fara awo cikin wata uku na farko ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Kunyar cikin fari, tsoron baki, da al'adar jira sai ciki ya fito, ba su bar masu digiri ba.

Dalili na biyu ya fi ban takaici, domin an gwada. A Ostireliya an ɗauki mata sama da 2,200 masu nauyi, aka raba su biyu, aka ba rabi shawarar abinci da motsa jiki a tsawon ciki. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna ɗan raguwa a yawan jariran da suka wuce kilo 4, amma babban abin da aka sa a gaba bai sauya ba. A Birtaniya an yi makamancinsa da mata 1,555 masu ƙiba, aka buga a 2015. Matan sun gyara cin abincinsu, sun ɗan rage ƙarin nauyi, amma ciwon sukari bai ragu ba, manyan jarirai ma ba su ragu ba. Waɗannan mata ne da ke da masu ba su shawara ido da ido, mako bayan mako. Wata biyar na ladabi ba ya warware abin da jiki ya shekara biyar yana ginawa.

Wannan ba izinin sakaci ba ne, kuma ba izinin horon yunwa ba ne. Ba a rage ƙiba da ciki. Abin da ake nema shi ne a taƙaita ƙari. Ma'aunin da wata cibiyar likitanci ta Amurka ta fitar a 2009, wanda ƙasashe da yawa ke aro, ya ce mai matsakaicin jiki ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon ciki, wadda nauyinta ya wuce ƙima 7 zuwa 11.5, mai ƙiba kuwa 5 zuwa 9. Maganar cewa mai ciki na mutum biyu take ci ba ta da madogara: a wata uku na farko jiki ba ya buƙatar ƙarin komai, daga baya ma ƙarin bai wuce kalori 300 zuwa 450 a rana ba, abin da kofin nono da dafaffen ƙwai da ɗan wake za su cike. Lemun kwalba ɗaya yana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi takwas zuwa tara. Mijin da ke shigowa da katan ɗin lemun malt domin a ƙara wa Hajiya jini, ƙauna ce ta sa shi, amma ba jini yake ƙara mata ba. Ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ta a asibiti, wadda ta ajiye saboda tana tayar mata da zuciya, ita ce mai wannan aiki.

Shaida mafi ƙarfi kan inda ya kamata a sa ƙarfi daga Suwidin ta fito. A 2006 mujallar Lancet ta buga binciken Eduardo Villamor da Sven Cnattingius kan mata sama da 150,000 da aka auna nauyinsu a farkon cikin fari da kuma farkon na biyu. Waɗanda suka ƙara maki 3 ko fiye a tsakani, idan aka kwatanta su da waɗanda nauyinsu bai motsa ba, haɗarin ciwon sukari ya ninka musu, na hawan jini mai kai wa ga jijjiga ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100, na mutuwar ɗa a ciki da kusan kashi 60. Abin lura shi ne an ga wannan har a cikin matan da ba su taɓa shiga sahun masu ƙiba ba, a cikin farko ko a na biyu. Hawan ne ke cutarwa, ba sai an kai wani mataki ba.

Maki 3 ga mace mai tsawon mita 1.60 bai kai kilo 8 ba. A ɗauki misali: ta yi aure tana kilo 58, kowace haihuwa ta bar mata kilo 5. Ba wanda zai ga wani abu, ita ma sai dai ta ba da tsofaffin ɗinkunanta ga ƙannenta. Amma ciki na huɗu da kilo 73 za ta shige shi, na biyar da 78, a lokacin kuma shekarunta sun haura talatin da biyar, su ma da nasu haɗarin. Macen da ta haifi uku lafiya lau a kan gadonta, wadda kowa ke ganin ta ƙware, ita ce za a ji an yi wa aiki a na biyar, dangi suna mamaki.

A nan jego ya shigo. Kafin a soki komai a cikinsa, a ba shi haƙƙinsa. Tsarin da ke ɗauke wa mai haihuwa girki da wanki da hidimar miji har kwana arba'in, ya ajiye mata tsohuwa mai kula da ita dare da rana, abu ne da matan ƙasashe masu arziki ke nema da kuɗi ba su samu ba. An tsara shi ne domin macen da ta yi daka da surfe da ɗiban ruwa har ranar naƙuda, wadda ta zubar da jini, wadda nama ba ya ratsa tukunyarta sai da dalili. Ƙauri da gasasshen nama da kunun kanwa da tuwo mai zafi da yaji, ga irin wannan mace, biyan bashi ne. Ita kuwa jikarta da ta bar ofis mai na'urar sanyi ta shiga jego da rarar kilo goma, babu bashin da ake bin ta. Duk da haka kwanon bai ragu ba, ƙari ma aka yi masa: shayi mai kauri da madarar gwangwani safe da dare, kunu da sukari, farfesu, soyayyun kaji, lemuka, ga zama wuri ɗaya. Idan ta ɗaga hannu ta ce ta ƙoshi, amsar a shirye take: ci za ki yi, 'yar nan, in ba haka ba ina yaron zai sami nono? Shayarwa kuwa abin da take ci bai wuce kalori 500 a rana ba, kuma wani ɓangare na kitsen da jiki ya tara lokacin ciki domin wannan aiki aka tara shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000 ya nuna cewa mai shayarwa mai nauyi tana iya sauke rabin kilo a mako, daga mako na huɗu bayan haihuwa, ba tare da girman jaririnta ya ragu ba.

Likitoci sun daɗe suna muhawara kan jego, amma ta fuskar zuciya. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka rubuta kan yawan ciwon zuciyar masu jego a Zariya, suka danganta shi da kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gado mai wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Karaye, ya sa shakku kan wannan alaƙa, ya karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jini. Shekara hamsin ana jayayya kan tukunyar wanka, ba a cika leƙa kwanon tuwo ba. Kuma duk wanda zai leƙa shi, ya san ba mai jegon ce ke riƙe da ludayi ba. Uwarta ce, ko gwaggonta, ko uwar mijinta. Nasihar da aka yi wa matashiya ita kaɗai a ɗakin likita ba ta ƙetare zauren gidansu. Sai an yi ta a gaban tsohuwar, da harshen da ba zai nuna mata cewa ba ta iya riƙon 'yarta ba.

Wani ɓangare na nauyin ma tun kafin aure ake sayen sa da kuɗi. Cikin abin da ake kira gyaran jikin amare akwai haɗe-haɗen sa ƙiba, irin wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa ƙwayoyin dexamethasone da cyproheptadine ne a ciki. Na biyun yana buɗe ciki ne. Na farkon kuwa magani ne mai ƙarfi da ke kumbura fuska, ya tara kitse a teɓa da doron wuya, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki. Yarinyar da ta sha shi wata biyu kafin biki, ta sami ciki wata biyu bayan biki, ta shiga cikin fari da jikin da aka riga aka jirkita. A ɗaya gefen kuma akwai masu shayin rage teɓa da ba a san abin da ke cikinsa ba, da sababbin alluran rage ƙiba irin su semaglutide, waɗanda masu yin su da kansu suka ce a daina aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki.

Mai hankali zai iya cewa duk wannan damuwar masu ƙoshi ce. Ƙasar da ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ta rasa mata kusan 82,000 wajen haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, mafi yawansu saboda zubar jini da jijjiga da rashin isa asibiti a kan lokaci, ina ta ga sararin zancen ƙiba? Gaskiya ne cewa a ƙauyukan Jigawa ko Zamfara rama da ƙarancin jini ne suka fi kisa, kuma duk saƙon da zai sa matar karkara ta rage ci laifi ne. Amma zubar jini da jijjiga su ne dai abubuwan da ƙiba ke ƙara wa ƙarfi, kuma asibitin da mai ƙiba za ta faɗa hannunsa ranar da abu ya ɓaci shi ne wannan dai asibitin da ba shi da jini a ajiye, mai ba da maganin barci ɗaya ne, wuta kuma sai an tayar da janareta. Haɗarin da a Ingila ake shanye shi da kayan aiki da yawan ma'aikata, a nan kai tsaye yake sauka kan mace. Kuɗin mijinta ba sa sayen ma'aikacin da babu shi da ƙarfe biyun dare.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin maganar kanta. Mafi yawan mata masu ƙiba lafiya suke haihuwa, 'ya'yansu lafiya. Ninkin ƙaramin haɗari har yanzu ƙarami ne ga mace ɗaya, ko da yake babba ne ga gari guda. Ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaga murya a layin awo tana cewa wannan uban jiki ina za a kai shi, ba ta rage wa kowa ko giram ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta tabbatar matar ba za ta dawo ba sai naƙuda. Wadda ta zo da nauyinta, ciki ya riga ya shiga, abin da take buƙata sananne ne: gwajin sukari da wuri sannan a maimaita, awon jini da maɗaurin da ya dace, ƙaramin asfirin daga mako na 12 idan likita ya ga tana da wasu alamun haɗarin, tafiyar ƙafa da za ta kai minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, da haihuwa a inda za a iya yin aiki cikin gaggawa.

Lissafin bai ƙare ranar suna ba. Macen da ta yi ciwon sukarin ciki, ko da ya tafi bayan haihuwa, haɗarin ta kamu da na dindindin ya ninka na sauran mata kusan sau bakwai. Ɗan ma yana ɗauke da nasa kason. A Abadin ta Sikotilan an bi bayanan mutum sama da 37,000 tun daga haihuwarsu, aka ga waɗanda iyayensu mata ke da ƙiba lokacin cikinsu sun fi saurin mutuwa kafin tsufa da kusan kashi 35 cikin 100. A irin wannan bincike da wuya a raba tasirin mahaifa da na gado da na tukunyar da aka ci tare, amma ko wanne ne a cikin ukun, gida ɗaya yake nunawa. Idan jaririyar mace ce, bayan shekara ashirin da 'yan kai ita ce a layin awo.

Wurin da ya fi dacewa a kama lamarin yana nan, ba sai an gina shi ba. Kwana arba'in da mako shida kusan abu ɗaya ne, kuma a mako na shida ne ake kai jariri rigakafi, sannan a koma a na 10 da na 14, a sake komawa a wata tara. Sau huɗu ke nan uwa ke zuwa asibiti da ƙafarta cikin shekarar da nauyinta ke yanke shawarar tafiya ko zama. A kowane zuwa ana ɗora jariri a sikeli, a rubuta a kati, a duba ko layinsa yana hawa. Uwar tana tsaye riƙe da zani da jaka, ba wanda ya ce ta hau. A wannan zuwa na farko ne ya kamata a auna ta, a gwada ta da nauyin da ta fara awo da shi, a duba jininta, a sake gwajin sukari ga wadda ta yi ciwon, a yi maganar tazarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a wata 24 kafin wani ciki, wadda ba ta yi nisa da shekara biyun shayarwa da kowa ya sani ba, a kuma gaya mata ta fara folik asid tun ranar da ta yanke shawarar sake nema. Jihar da ke buga katin rigakafi tana iya ƙara layi huɗu a bayansa domin nauyin uwa da awon jininta. Kayan aikin da ake buƙata a kowace cibiya sikelin manya ne guda ɗaya, da maɗauri babba, da kujera ta biyu a ɗakin domin tsohuwar da ta rako ta.